Ciyawar Roba

"Ba zan goge shi ba, Yallaɓai."

Kawu ya ɗago kai daga wayarsa ya dube ta kamar wanda kujera ta yi wa magana. Yayan mahaifiyarta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma a ofis ba a ce masa Kawu. Shi da kansa ya kafa wannan doka ranar da ta fara aiki a kamfaninsa na gina gidaje: daga bakin ƙofa zuwa ciki shi Yallaɓai ne, ita kuwa Injiniya.

"Ban ji ba," in ji shi.

"Na ce ba zan goge ba. Ba kuma zan buga hatimina a kan wanda aka goge ba."

Zanen sabuwar unguwar na shimfiɗe a kan tebur tsakaninsu. Ya danne shi da kofin shayinsa, gindin kofin ya bar jiƙaƙƙen zobe daidai wurin da ake rigimar a kai.

Filin da kamfanin ya saya gangare ne. Daga bakin titi yake sauka a hankali, ya yi kwari a tsakiya, sannan ya ci gaba da gangarawa har katangar baya. Bayan katangar akwai tsohuwar unguwa, gidaje a cushe, garejin masu gyaran mota, da wata makarantar firamare mai gajerun tagogi. Injiniya ta taka filin nan da ƙafarta rani da damina. Ta haƙa ramuka, ta zuba ruwa, ta tsuguna tana kallon yadda ƙasa ke shanye shi. Abin da ta zana daga baya ba wani abin mamaki ba ne. A bar kwarin yadda aka same shi, a ƙara masa faɗi kaɗan, a dasa itatuwa da ciyawa mai doguwar saiwa. A gefen kowane layi, maimakon kwatar siminti, a yi 'yar hanya mai ciyawa da za ta kai ruwan sama can. Ruwa ya taru, ƙasa ta sha, kafin yammacin washegari wuri ya bushe yara su buga ƙwallo. Abin da zai tsallaka katanga kaɗan ne, shi ma a hankali.

Da farko Kawu ya fi kowa murna. Ya sa aka kafa manyan alluna a bakin titi: unguwa mai numfashi, unguwar da ke shan ruwanta. Ya sa aka yi ƙaramin samfurin unguwar da kwali a cikin akwatin gilashi, da 'yan motoci da 'yan mutane kamar ƙwayar ashana. Jiya aka tara masu son saye suka kewaye akwatin. A cikinsu akwai wata mata da awarwaro ya cika mata hannu har gwiwa, turarenta na shiga ɗaki kafin ita. Ta ƙwanƙwasa gilashin da makullin motarta.

"Wannan kududdufin fa? Da kwaɗinsa za a ba mu, ko mu za mu kawo namu?"

Ɗaki ya kwashe da dariya. Shi ke nan, kalma ɗaya ta gama da aikin shekara guda. Duk wanda ke wurin ya san kududdufi: ramin da aka ɗebi ƙasa aka watsar, koren ruwa, leda, mushen kare, sauro. Injiniya ta yi bayani cewa sauro sai ruwa ya daɗe a kwance yake hayayyafa, wannan kuwa ba ya kwana biyu. Ba wanda ya ji. Kalmar ta riga ta shiga hancinsu, har wani mutum ya kai hannu yana korar sauron da babu shi.

Umarnin da ya biyo baya shi ne na yau. A cike kwarin, a zuba kankare, a shimfiɗa ciyawar roba a kai don ya ci gaba da zama kore a ido. Hanyoyin ciyawa su koma kwatar siminti, duk su haɗu a babban kwalbati guda, kwalbatin ya huda katangar baya. Allunan bakin titi kuma a bar su yadda suke.

"Ina ruwan zai tafi?" ta tambaye shi.

"Waje."

"Wajen nan akwai mutane a ciki."

Ya ajiye wayar. Muryarsa ta yi laushi irin na man da ya kwana a rana. "Auta. Ni ne fa. A hannuna aka sa ki ranar da aka haife ki."

"Yanzu Kawu ne ke magana, ko Yallaɓai? Don in san wanda nake ba amsa."

Ta ga jijiyar goshinsa ta miƙe. Ta naɗe zanenta, ta goge zoben shayin da gefen hannunta, ta fita.

Bai kore ta ba. Korar 'yar ƙanwa abin magana ne a dangi, shi kuwa mutum ne mai son a yabe shi a taro. Abin da ya yi shi ne ya sa aka ɗauke teburinta daga ɗakin zane aka kai shi sito, inda ake tara bokitan fenti da karyayyun kujeru, bango ɗaya da bayan gidan maza. Duk wanda ya shiga tana jin shigarsa, tana jin abin da ya kai shi, tana kuma sanin wanda ke wanke hannu da wanda ba ya yi. Kafin mako ya zagayo ta daina yin musabaha da rabin ofishin.

Aikin da aka ba ta shi ne zaɓen launin ƙofofi. Ta zaɓa. Kowace safiya tana zuwa kafin kowa, da gogaggun kaya, ta share sitonta, ta zauna a miƙe kamar mai jiran baƙi. Samarin ɗakin zane, waɗanda jiya-jiya suke kawo mata lissafinsu ta gyara, suka koyi kukan kwaɗo. In suka zo wucewa sai ka ji ƙurrr, ƙurrr, daga maƙogwaro. Suka sa mata suna Injiniyar Kududdufi. Rannan ta leƙo ta ce wa mai kukan, "Ka ƙara buɗe baki, bai fita daidai ba. Ko shi ma sai na gyara maka?" Ya haɗiye sauran kukan ya wuce.

Mai talla ne ya fi damunta, shugaban masu sayar da gidaje, mutum mai takalmi mai tsini da haƙora farare ƙal. Ya shigo sito ya shimfiɗa mata guntun ciyawar roba a kan tebur.

"Taɓa ki ji, ƙanwata. Ba ban ruwa, ba yanka, ba akuyar da za ta ci. Wannan ita ce ciyawar da Allah zai yi da ya yi shawara da mu."

"Ka nemi gafara."

"Na nema. Taɓa dai."

Ba ta taɓa ba. Tun daga inda take tana jin warinta, warin sabuwar taya da aka bari a rana. Korenta ma ya yi yawa, irin koren da babu wani abu mai rai da ke da shi. Ya ce yana so ta sa masa malam-buɗe-littafi da tsuntsaye a hoton talla, suna shawagi a kanta.

"Me za su ci a wurin?"

"Hoto ne, Injiniya. A hoto ba a cin abinci."

Ta ɗauki guntun da bakin biro, kamar mai ɗauke mataccen ɓera, ta jefa shi a bokitin fenti.

A gida Mama ce ke jiranta kullum a bakin kicin, da wuƙa a hannu da albasa a faranti, da magana guda.

"Auta, wai ke ruwan nan ɗan uwanki ne?"

"A'a, Mama."

"To shi Yaya ɗan uwana ne. Na kira shi ya ce yana taro. Yaya da ko a asibiti yake yana ɗaga wayata! Ki buga masa abin nan mana. Ba ke za ki zuba simintin ba."

"In na buga, na ce ruwan ba zai cuci kowa ba. Kuma zai cuta."

"Ke kaɗai ce mai ilimi a garin?"

"A'a. Ni ce dai aka ce in buga."

Mama ta sare kan albasa da ƙarfi. "Taurin kan ubanki, Allah ya jiƙansa. Shi ma haka yake tsayawa kamar turke har a gaji a kewaye shi." Ta share ido da bayan hannu ta ce albasa ce.

Haka kuwa aka yi, aka kewaye ta. Akwai wani tsohon injiniya da kamfanin ke kira jefi-jefi, wanda ya taɓa koyar da ita a jami'a. Shi ya fara nuna mata yadda ake karanta gangare a taswira. Shi ya buga nasa hatimin a kan sabon zanen. Ta je ofishin da ke ba da izinin gini ta yi musu bayani, wani mutum mai tsinken sakace a baki ya juya takardu ya ce zane na da hatimin injiniya mai rajista, me kuma take so? Ta fito, ta wuce filin.

Tun daga bakin titi ɗoyi ya tare ta. Ta ɗauka da ƙasa za su cike kwarin. Ashe ɗan kwangila ya sami hanya mafi sauƙi: tifa bayan tifa, daga juji. Ɓaraguzan gini ne a sama, a ƙarƙashi kuwa duk abin da gari ya zubar. Ledoji, tsumma, kunzugun jarirai a kumbure, ruɓaɓɓiyar katifa, ƙasusuwa, wani baƙin ruwa na tsiyaya daga bayan mota. Ƙudaje sun yi gajimare. Katafila na bi tana dannewa, abin yana fashewa a ƙarƙashinta yana fitar da iska. Daidai nan Injiniya ta taɓa tsugunawa ta ga ƙasa ta shanye bokitin ruwa kafin ta gama rubuta lokaci. Ta toshe hanci da gefen mayafinta.

Tsohon malaminta na zaune a mota da gilashi a rufe. Da ya gan ta ya sauke shi kaɗan.

"'Yata, kin zo ganin aiki?"

"Malam, kai ka koya mini cewa ruwa ba ya ɓacewa, wuri kawai yake canzawa."

"Na koya miki don ki ci jarrabawa, kin kuma ci." Ya yi murmushi, ba ko kunya a fuskarsa. "Hatimi roba ne, 'yata. In ban buga ba wani zai buga. Ki rage zafi, za ki daɗe."

Ya ɗaga gilashin don ƙuda ya fara shiga. Ta juya bayan wata tifa ta amayar da abin da ta karya da shi.

Aka zuba kankare, aka shafe shi sumul, aka shimfiɗa ciyawar. Gidajen layin farko suka tashi da ƙofofi masu launin da ta zaɓa. Ana gab da damina Kawu ya shirya bikin buɗewa. Ranar jajiberi ya zo sito da kansa, karo na farko. Ya tsaya a bakin ƙofa yana yamutsa fuska saboda wani ya shiga bayan gidan da ke gefe.

"Gobe ke za ki yi bayanin yadda unguwar ke sarrafa ruwa. Kin fi kowa iya faɗa, kuma mutane na son su ga mace injiniya. Ki yi wannan, ki koma teburinki, a manta da komai."

"Zan yi bayani," in ji ta.

Ya dube ta, yana neman inda ƙugiyar take. Bai gani ba.

Washegari aka kafa rumfuna a kan ciyawar roba. Rana na dukanta, zafi na ratsa tafin takalmi, warin taya na tashi yana cakuɗa da turaren baƙi. A wani gefe ta ji wani wari na daban yana ɓullowa ta tsagin kankare, ta san daga ina yake. Mai talla ya yi ta zuba a lasifika har ya kira wurin huhun unguwa. Sannan aka kira Injiniya.

Ta tashi, ta ɗauki babbar gorar ruwa daga teburin manyan baƙi. Ba ta karɓi lasifikar ba.

"Allon bakin titi ya ce wannan unguwa tana shan ruwanta," ta ce da ƙarfi. "Ku duba ku gani."

Ta buɗe gorar ta tuttule ta a kan ciyawar. Ruwan bai nutse ba ko kaɗan. Ya kwanta a tsakanin zaren roba yana ƙyalli, ya haɗu, ya kama gangare, ya bi ta ƙarƙashin kujeru mutane na ɗage ƙafa, ya zarce ya faɗa kwata. Ta ga fuskar Kawu ta yi toka. Ita kuwa daɗi take ji, irin daɗin wanda ya daɗe da ƙaya a ƙafa aka cire.

"Kankare ne a ƙasa," ta ce. "Ƙarƙashin kankaren juji ne. Ko ɗigo ba zai shiga ƙasa ba. Duk ruwan da ya sauka a rufinku da layinku zai bi kwalbatin can, ya fita ta katanga a lokaci guda."

Sai ta ji ƙarar awarwaro. Matar nan ce ta miƙe, tana tafi.

"Madalla! Kun gani? Ko ɗigo bai tsaya ba. Ba taɓo, ba sauro. Wannan shi ne aiki, ba kududdufin rannan ba."

"Baiwar Allah, akwai gidaje bayan katangar. Akwai makarantar yara."

"To su ma su yi nasu kwalbatin mana." Ta juya wajen mai talla. "Kai, na kusa da filin nan nake so, mai koriyar ƙofa."

Tafi ya ɓarke. Wani mai babban ciki ya ce a sake zubawa ya ɗauka a waya, zai tura wa matarsa. Mai talla bai ɓata lokaci ba, ya fizgo gora biyu ya shiga tuttulawa yana ihu a lasifika, "Ku ga gudu! Ku ga gudu!" Mutane suka taso suna bin ruwan da wayoyi har bakin kwata, suna dariya kamar yara. Injiniya na tsaye da gorar da babu komai a hannu. Ta dubi bakunan nan a buɗe, da maiƙon abinci a leɓɓa, ta ji da ma kan buɗaɗɗen jujin take tsaye, don shi aƙalla ba ya fesa turare.

A ranar aka sayar da layin farko duka. Kawu bai gode mata ba, don ya san abin da ta yi niyya. Da taro ya watse ya same ta a bayan rumfa.

"A gaban mutane kika so ki tsiraita ni."

"Gaskiya na faɗa, Yallaɓai."

"Babu sauran Yallaɓai. Babu kuma Kawu. Ki kwashe kayanki."

Ba su da yawa. Biro, ma'auni, hatiminta, da naɗaɗɗen zanen nan mai tabon shayi. Da ta zo wucewa ta ɗakin zane wani ya fara ƙurrr, ta tsaya ta dube shi har ya sunkuyar da kai.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka da hantsi. Da ya ɗauke ta sa takalmin roba ta tafi tsohuwar unguwa, don ba ta son a ba ta labari. Kwalbatin na aman jan ruwa ta ramin katanga da kauri kamar jikin bishiya. Ya haƙe layin da ke gabansa, ya shiga gareji ya kwaso baƙin mai, ya bi gidaje da shi. A makaranta malamai sun ɗora yara a kan tebura. Wata mata na kwarfar ruwa daga ɗakinta da kwanon wanki, tana zubawa a layin da ke dawo mata da shi.

Injiniya ta karɓi wani bokiti ta shiga kwarfa tare da ita. Can matar ta miƙe ta riƙe ƙugu.

"Wai waɗanne marasa imani ne suka zana wannan abu?"

"Na san su," in ji Injiniya. "Ni na ƙi zanawa."

Matar ta dube ta sama da ƙasa. "To, sannu. Da kika ƙi, me ya canza?"

Injiniya ta sunkuya ta ci gaba da kwarfa har bayanta ya riƙe.

Ta koma gida da laka har gwiwa da warin mai a hannu. Mama ta kawo mata ruwan zafi. Ta zauna a gefe tana kallon wayarta, wadda ta daina kawo sunan Yaya tun ranar biki.

Ga abin da tsayuwar ta ci. Ta ci aikinta. Ta ci sauran kamfanonin garin, don duk inda ta kai takardunta sunan ya riga ta isa, sai a ce au, ke ce ta kududdufi, a yi murmushi a ce za a kira ta. Ta raba Mama da ɗan uwanta ɗaya tilo, kuma Mama ba ta yi komai ba. Ba ta tsare ko ɗigon ruwa daga ɗakin matar nan mai kwarfa ba. Abin da ya rage mata shi ne hatimi a cikin jaka, wanda babu tawadarsa a kan zanen kwalbatin. Ta san haka tun ranar da ta ce ba za ta goge ba, kuma da za a sake shimfiɗa mata zanen gobe, amsar ba za ta canza ba. Ta sa hannu a ruwan zafin ta fara cuɗa man da ya ƙi fita.